Tabkin Gindin Duwatsu, Daga Marka Zuwa Hunturu

Asabar, 3 ga Agusta 2024

Yau dai na fara abin da na daɗe ina ce wa gobe. Niyyata in zana wuri ɗaya sau shida da fentin ruwa, daga yanzu da damina ta kankama har ranar da ruwan wurin zai ƙafe. Wani ɗan tabki ne a gefen hanyar Miriya, a bayan garinmu Zinder. Daga titi ba a hango shi, sai ka jingine babur ka ratsa gonar gero, tafiyar minti biyar. Duwatsu uku ne suka dafa juna a bayansa, mulmulallu irin na cikin Birni, tsohuwar unguwar garin, ga gawo guda a hagu, ga goriba biyu can nesa. Ba gida, ba sandar lantarki. Na zaɓi wani falalen dutse kudu da ruwan, na tara ƴan tsakuwa a kansa don alama. Duk zuwa nan zan zauna, in fuskanci arewa, da ƙarfe bakwai na safe.

Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: akwatin fenti mai gurbi 12 da wani aboki ya kawo mini daga Yamai, buroshi uku, fensir, tsumma, gorar ruwa, da farin farantin tangaram da na ɗauko a ɗakin uwargida ba tare da na yi sallama ba. Takarda iri biyu ce. Akwai Canson irin wadda muke sa ƴan lakwal su sayo, sai kuma falle biyar na Arches, ta auduga zalla, mai nauyin giram 300, da nake ɓoyo kamar kayan lefe. Waɗannan ba zan taɓa su ba sai hannu ya faɗa.

Na fara da sama. Hadari ya taru a gabas, fari tas a kansa, baƙi a gindi. Na shafe saman duka da shuɗi, da nufin in dawo in ɗora farin gajimare. Sai da na miƙa buroshi na tuna babu inda zan dangwalo farin. A wannan aikin takardar ita ce farin. Inda kake son haske, kewaye shi za ka yi ka bar shi. Daga mai haske ake farawa a tafi mai duhu, kuma ba a komowa baya. Na san wannan a ka tun tuni, hannu ne bai sani ba. Na dawo gida da sama mai kama da shadda da aka turara da bula.

Laraba, 7 ga Agusta

Ban fita ba, a zaure na yi ta gwajin sama. Iska cike take da laima, shafa ɗaya sai ta yi minti goma ba ta sha ba. Gajen haƙuri ya sa na ƙara ruwa a kan wadda ta fara tsotsewa, sabon ruwan ya kori launin gefe, ya bar tabo mai kaifin baki, sak taswirar da yaro ke bari a katifa. Ka'idar ita ce: muddin takarda na ƙyalli, ƙara abin da kake so, da ƙyallin ya ɗauke, ɗauke hannunka har ta bushe ƙarau.

Canson ɗin kuma kumbura take yi, ruwa ya taru a kwarin. Na jiƙa ta, na shimfiɗa a katako, na liƙe gefunan da yankan takardar buhun siminti da na shafa wa ƙaro. Da ta bushe ta ɗaure kamar fatar kalangu.

Lahadi, 18 ga Agusta

Ina tsakiyar aiki na ji sallama a bayana. Wani dattijo ne da hauya a kafaɗa, mai gonar da nake ratsawa. Muka gaisa, na tambayi damina, ya ce da godiya. Ya daɗe yana kallon katakon da ke cinyata kafin ya ce:

"Mushe, awon fili ake yi?"

Ban san yadda ya gane malamin lakwal ne ni ba. Ƙila babur ɗin ne ya tona ni. Na ce, "A'a, Baba, wane ni. Duwatsun nan da ruwa nake zanawa."

"Gwamnati ce ta sa ka?"

"Ni na sa kaina."

Bai yarda duka ba, kuma ban ga laifinsa ba. Gari na matsowa ta wannan hanyar, kuma duk wanda ya zo bakin gona da takarda da fensir, ba a cika ganin alheri a bayansa ba. Na miƙa masa katakon. Ya riƙe nesa da ido, ya dubi zanen, ya dubi wurin, sannan ya sa ɗan yatsa a hagu.

"Wannan wace itaciya ce?"

"Gawon nan ne, Baba."

"Gawo da ganye a tsakiyar marka? To ka ga naka gawon, ba nawa ba."

Na ɗaga kai. Ƙaya da rassa farare fes, ko ganye ɗaya babu. Ni da nake koya wa yara cewa gawo na zubar da ganye da damina ya tofo da rani, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa, shi ya sa manoman Miriya da Matamai da Magarya ke barinsa a gona su yi ta renonsa, ni ne na zauna gabansa awa biyu na lafta masa kore. Itacen da ke cikin kaina na zana. Dattijon ya yi dariya har da buga ƙotar hauya a ƙasa, daga nan hankalinsa ya kwanta: mai awon fili ba zai yi irin wannan shirmen ba.

Na sake wata takarda. Koren cikin akwati bai da amfani shi kaɗai, kamar fentin ƙofar shago yake. Na haɗa nawa da rawaya da shuɗi, na kashe kaifinsa da ɗigon jar ƙasa. Gero na kusa ya fi rawaya, na nesa ya fi shuɗi da haske. Wannan na ajiye ta a matsayin ta ɗaya. Ba ta yi kyau ba, amma ba ta yi wa gawon ƙarya ba.

Laraba, 4 ga Satumba

Jiya Talata ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19. Ruwan bana ya wuce misali. Garin da a shekara yakan samu wajen milimita 400, bana gidajen ƙasa sai zubewa suke, mutane na kwana a azuzuwan lakwal. Allah ya mayar wa kowa da alheri.

Na wuce masallacin nan ba adadi da littafin zane a jaka. Kullum cewa nake gini sai daga baya, in na ƙware. Da daddare na ɗauki fensir in fitar da shi da ka. Na sami tsawon bangon, na sami ƙofa, amma na kasa tuna ta ina inuwa ke faɗowa da la'asar, na kasa tuna launin ƙasar idan ta jiƙe. Na rufe littafin. Wannan makon ba zan je tabki ba.

Asabar, 21 ga Satumba

Tabki ya cika ya batse, har falalen da nake zama ya zama tsibiri. Sai da na naɗe wando na ratsa. Bado ya rufe gefen yamma. Na fito da Arches ta farko, hannu na rawa. Bambancin kamar hawa doki ne bayan jaki. Audugar tana riƙe ruwa a ciki, launi na tafiya a hankali, kuma in ka yi kuskure kana iya jiƙawa ka ɗauke da tsumma ba tare da fuskar takardar ta saɓule ba. Zane na biyu ya fita.

Sai dai gurbi biyu sun kusa ganin ƙasa: shuɗi da jar ƙasa. Su ne nake haɗawa in sami tokar duwatsu, kuma haɗin nasu na da wata baiwa. Ƙwayoyin shuɗin kan kwanta a ramukan takarda, jan ya tsaya a sama, sai dutsen ya fito da tsakuwa-tsakuwa kamar na gaske ba tare da ka yi komai ba. A kasuwa na duba, abin da ke akwai na yara ne, wanda in ya bushe yake komawa alli.

Na zauna karanta abin da ake haɗa fentin ruwa da shi. Garin launi, da ƙaro, da ɗan abin da zai hana shi ƙandarewa. Ƙaro! Shi ɗin dai da na liƙe takarda da shi watan jiya, hawayen dakwara da muke tsinka muna tsotsa muna yara. Daga Sudan da Chadi da Najeriya ake lodin mafi yawansa zuwa Turai, namu na gabas wajen Gure da Maine ma yana cikin tafiyar, a dama shi da launi, a zuba a ƴan gurabe kamar ƙwayar alewa, a dawo mana da shi da tsada.

Da yamma na je wurin wani alaramma a unguwarmu, mai rubuta allon zayyana. Na tsuguna na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Me kake zanawa, Malam?"

"Allah gafarta Malam, duwatsu ne da ruwa da itatuwa."

"Babu mutum, babu dabba?"

"Babu."

Ya gyaɗa kai. Ya ce ai da wani mai sana'ar zane ya je wa Ibn Abbas, abin da ya ce masa ke nan: in ba makawa, ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Sannan ya sa almajiri ya ɗauko kurtun tawada da ƙullin ƙaro. Ya ce in zaɓi fari mai haske, in bar ja mai ɓawo a jiki. Kada in tafasa, in jiƙa ya kwana. In tace da tsohon rawani. Na tambayi awo. Ya ɗiga tawada a farce, ya bari ta sha iska, ya murza da yatsa. "In ta goge, ƙaro ya yi kaɗan. In ta yi ƙyalli ta tsage, ya yi yawa. Tsakani kake nema." Ya ba ni ɗan dunƙulen koya, jar ƙasar da yake ado da ita, ya ƙi karɓar ko dala.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Da jiya za mu koma aji, amma gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga wata saboda ambaliya. Kwanakin nan a tsakar gida na ƙarar da su, ina dama ƙasa kamar yaro.

Ga yadda na yi. Ƙaro awo ɗaya, ruwan ɗumi awo biyu, ya kwana biyu yana narkewa, na tace. Na zuba zuma kamar kashi ɗaya cikin biyar na ruwan ƙaron. Aikinta ta jawo laima, don fenti ya narke da zarar buroshi ya taɓa shi. Kamfanin Winsor & Newton da aka kafa a Landan a 1832 gilisarin ya sa a nasa don wannan dalilin, Sennelier na Faransa kuwa har yau zuma yake sawa. Na jefa kanumfari uku a kwalbar don kada ta yi funfuna.

Ƙasar ce ta ba ni wahala. Na ɗebo wata rawaya a bakin kwazazzabon da ruwa ya yanka kusa da tabki, na daka, na tankaɗe da rariya, na dama da ƙaro, na shafa: yashi zalla, har yana ƙara a ƙarƙashin buroshi. Uwargida na zaune tana tsintar wake, ta gaji da kallona.

"Malam, ai ba haka ake raba ƙasa da yashi ba. Rege ta za ka yi."

Ta karɓi ƙwaryar, ta cika da ruwa, ta dama, ta ƙirga kamar goma, ta tsiyaye ruwan mai launi a wata ƙwarya, yashin ya zauna a gindin ta farko. Sau uku ta yi. Muka bar ta ƙarshen ta kwana. Da safe ruwa garau a sama, a ƙasa wani laka mai santsi kamar kindirmo. Na shanya a faranti. Littattafan Turawa na da dogon suna ga wannan aikin da shafuka na bayani, ita kuwa kullum tana yi wa gero. A nan ne ma ta gane farantinta, maganar da ba zan rubuta ba.

Rabin garin na zuba a kasko na ɗora a garwashi ina juyawa. A kan idona rawaya ta koma ruwan goro, ta koma ja mai duhu. Tsatsar ƙarfe ce ke ba ƙasar launi. Rawayar na ɗauke da ruwa a jikinta, zafi ya kore shi, ta zama ja. Abin da ke faruwa da tukwanen Miriya ke nan a wurin gashi. Jar ƙasar da ke cikin akwatina, mai sunan garin Siyena na Italiya, ita ma gasa ta aka yi.

Shuɗi kuwa, abin nema ya samu. Bular wanki da ake sayarwa a kowane tebur ita ce shuɗin da ya ƙare mini, an dai cakuɗa ta da wasu abubuwa. A da daga wani dutse na Afganistan ake niƙo wannan launin, tsadarsa na gogayya da zinariya, sai a 1828 wani Bafaranshe mai suna Guimet ya ci kyautar gano yadda za a dafa shi a masana'anta. Na jiƙa bular, na bar ta ta kwanta, na zubar da ruwan sama sau huɗu. Ba ta kai ta akwati ƙarfi ba, amma tana kwanciya a ramukan takarda yadda nake so.

Na kuma gwada shuni daga wurin marina, da karan dafi daga wurin dukawa, da baƙin tukunya. Niƙa su na yi a kan gilashin taga da gindin kofin shayi, kowane minti ashirin, har kafaɗa ta amsa. Na zuba a murafen kwalba. Na shafa layin kowane launi a takarda, na rufe rabi da kwali, na manna a tagar da rana ke duka. Sai bayan wata uku zan buɗe.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Kaka ta yi. An yanke gero, dammuna jingine, gonar ta koma kara da ƙasa. Shamuwa ta tafi. Ruwan ya janye da taku goma, ya kwanta lumui, duwatsun na kife a cikinsa. Yau ce rana ta farko da fentin gida, kuma rawayar kwazazzabo ta zauna a wurin karan gero kamar don shi aka yi ta. To, daga nan ta fito.

Na ɓata lokaci a kan inuwar cikin ruwa, kuma ta cancanta. Ashe ba kifa hoton sama ake yi kawai ba. Farin gefen dutse ya fi duhu a cikin ruwa, baƙin gindinsa kuma ya fi haske. Sama da ke cikin tabki a kusa da ƙafata ta fi ta can ƙarshen ruwan duhu, domin ta kusa tsakiyar sama take ɗaukowa. Na jiƙa wurin ruwan duka, na sauke launukan daga sama zuwa ƙasa, na jira ƙyalli ya kusa ɗaukewa, sannan na ja layi biyu a kwance da busasshen buroshi. Layi biyun nan su suka mai da shi ruwa.

Balbelu bakwai suka sauka a bakin gaɓa. Na tuna alaramma, na tuna kuma 3 ga Agusta. Na kewaye ƴan ɗigo bakwai na farar takarda na bar su, ba kai, ba ƙafa. Ɗiyata ƙarama da ta gani ta ce balbelu ne. Yayanta ya ce tsakuwa ce.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Aji ya ci ranakun mako, sai Asabar da Lahadi. Iska ta juya, leɓe ya fara tsagewa. Abin da na koya a Agusta duk ya tashi a banza. Kafin in kai buroshi ƙarshen layi farkonsa ya bushe, sama ta fito da ratsi-ratsi kamar tabarma. Na yi ta bi ina gyarawa, wanda shi ne babban laifi, har takardar ta gaji ta yi dauɗa. Arches ta uku ta tafi. Saura biyu.

Masu rubuta darussan nan a ƙasashen da hazonsu na ruwa ne suke zaune. In sun ce ka jira minti biyar, a nan ka karanta daƙiƙa talatin.

Lahadi, 15 ga Disamba

Mako uku ina gwaji a kan Canson kafin in sami mafita. Na bar liƙe takarda a katako. Yanzu bayanta nake jiƙawa sharkaf da soso, in kwantar da ita a kan gilashi, ta manne da kanta. Ruwan da ke ƙasa ba shi da hanyar fita sai ta cikin takardar, don haka fuskar kan zauna da danshi kusan kwata ɗin awa. Na ƙara da tsohuwar kwalbar turare mai fesawa, da babban buroshi, da dama launi mai yawa tun kafin in fara, don babu lokacin komawa faranti. Ina kuma juya wa iska baya.

Yau hazo ya sauka sosai. Goribar nan biyu sun ɓace, sai alamarsu. Rana ta fito fara kamar faranti, kana kallonta ido da ido. Ƙurar nan mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, busasshen gindin tsohon tafki, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta bi ta kanmu. Ta rushe mini wata ka'ida da kowane littafi ke maimaitawa, wai abin da ke nesa shuɗi yake komawa. Da damina haka ne. Cikin hazo kuwa nesa fari-fari take komawa, da ɗan rawaya, kamar kunun da aka tsinka. Ƙwayar ƙura ta fi ƙarfin ta tace shuɗi kaɗai, duk hasken take watsawa. Ban taɓa bula ba a saman yau. Rawayar ƙasa ce da ruwa mai yawa, da ɗan baƙin tukunya wanda da ƙyar za ka ce akwai shi, shafa ɗaya tun daga sama har ƙasa, sannan na dasa duwatsun a ciki tun da danshi don bakinsu ya narke.

Wani abin da ban lura da shi ba sai da na jera zanen a gida: fuskar duwatsun da ke kallona a inuwa take a Agusta, yau kuwa ita ke shan haske. Rana ta koma fitowa ta kudu maso gabas. Wuri ɗaya, awa ɗaya, amma hasken ya sauya gefe.

Dattijon ya zo ɗaure da rawani har hanci, yana kora awaki. Gawo ya yi lif da ganye, shi kaɗai ne kore a filin duka.

"Mushe, yau kam sa masa ganyen, na yarda."

"Na gode, Baba. Da izininka."

Ya tsaya har na gama. Ya ce duwatsun sun yi, amma ruwan ya fi haka ƙanƙanta. Na duba, gaskiyarsa. Na bar shi haka. A cikin huɗun da na yi wannan ce kaɗai ba na jin kunyar nunawa.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Na cire kwalin taga. Rawayar ƙasa, gasasshiya, koya, bula da baƙin tukunya ko gezau. Shuni ya ɗan kwanta kaɗan. Karan dafi kuwa ya gudu, rabin da rana ta gani ya koma ruwan shayi. Na sa shi a inuwar duwatsun Oktoba, ke nan wannan zanen ba na bango ba ne, sai cikin jaka.

Fentin da ke murafe ya tsattsage don bushewa, na ƙara zuma, na sake niƙawa. Kwana biyu kiyashi ya gano. Na tarar da su sun yi layi daga bakin ƙofa har cikin jar ƙasa, sun ci rabi. Yanzu murafen na cikin gwangwanin madara, gwangwanin na zaune a faranti mai ruwa.

Na biyar a bayan Arches ɗin da na ɓata a Nuwamba na yi ta. Takardar auduga gaba da baya duk aiki suke. Tabki ya koma kamar faɗin tsakar gida, kewaye da laka mai tsaga. Tsagar ba a zana ta ɗaya-ɗaya. Na matse buroshi har ya kusa bushewa, na ja shi a kwance, ya taɓa tudun takardar ya tsallake ramukan. Wannan dabarar da damina ba ta yiwuwa sai da jira, yanzu kuwa ita ce mafi sauƙi. Ana cikin haka iska ta taso ta watsa mini ƙura a kan sama tun tana jiƙe. Na bari ta bushe, na kakkaɓe. Wadda ta manne ta manne.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na tarar da samari huɗu a bakin ruwan suna buga tubali. Sun haƙa gefen gabas, sun jera tubalan layi-layi har gindin gawo, ga amalanke na jira. Bayan rushe-rushen bana kowa gini yake, kuma ba a buga tubali sai inda ruwa ya rage. Muka gaisa. Ɗayansu ya ce, "Malam, mu ma a sa mu ciki mana." Na ce mutane ba sa shiga, amma aikinsu ƙila.

Ƙilan nan ita ta hana ni buɗe fenti yau. Tun farko wurin da babu hannun mutum na zo nema, sai dai in na share tubalan na koma gidan jiya, na sake yi wa gawo ganye a marka. Na yi zanen fensir uku a Canson: ɗaya babu su, ɗaya da su duka, ɗaya da layi biyu kawai a dama inda inuwarsu ke miƙewa zuwa ruwa. Ta ukun ta fi zama, amma launin ɗanyen tubali ya fi duk abin da ke murafena duhu da sanyi. Na roƙi ɓallin guda, na ƙulle a leda, gobe a rege shi.

Arches ɗaya ta rage. Azumi saura wata guda. Na tambayi dattijon kwana nawa ruwan zai ƙara, ya dubi ramin samarin, ya dubi sama, ya ce in sun ci gaba da ɗiba haka, kada in wuce Asabar mai zuwa.